Sola a ɗakin shan magani: lissafi kafin saye

Yawancin alluran rigakafi na buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius. Inda babu wutar lantarki, farantin sola ne ke riƙe firjin ba tare da an ƙona ko ɗigon man dizal ba. Amma sai an yi lissafi tukuna.

A ce firjin na shan wat-awa 1,000 a kwana (wat-awa ɗaya shi ne wutar wat ɗaya na tsawon awa ɗaya). Faranti mai wat 300, idan ya samu awa biyar na rana mai ƙarfi, zai ba da 1,500. Cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu da zafi da wayoyi ke cinyewa, saura 1,100 da ɗoriya. Da ƙyar ya isa, don haka ni dai biyu nake ganin ya dace, saboda ranakun hadari.

Batir, wato ma'ajiyar wutar da firjin zai sha da dare, shi ne ke fara mutuwa. Mai ruwan asid ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi. In aka riƙa tatse shi kullum, farantan cikinsa su yi gishiri, ya daina riƙe caji. Kada a haɗa shi da farantin sola kai tsaye, sai ta na'urar daidaita caji.

Inuwar reshe ɗaya a kusurwar faranti tana iya rage ƙarfin duk farantan da aka haɗa a layi ɗaya. Ƙura kuwa, a wanke ta da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.