Gulbin da ya ƙi haɗuwa a kan iyaka

A shekarata ta farko a wani ofishin taswira a Sakkwato, an ba ni aikin da na ɗauka na kwana biyu ne: in haɗa taswirar magudanan da ke zuba a kogin Rima. Tun ambaliyar 2010, wadda ta karya gadar hanyar jami'a, kowa a nan yana son sanin inda ruwan yake fitowa kafin ya iso Goronyo.

Gulbin Maraɗi ne ya ɗaure min kai. Daga Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar ta wajen Jibiya, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi, sannan ya dawo Najeriya ya faɗa Rima. Rabinsa yana tsohuwar taswirarmu, rabi kuma a fayil ɗin da aka samo daga tsallaken iyaka. Da na ɗora su a kwamfuta, sai gulbin ya tsinke daidai kan iyaka, baki ɗaya ya goce wa ɗaya da mita gommai. Na kama linzami na fara jan layin domin su haɗu.

Wani dattijon safiyo da ke shan shayi a bayana ya ajiye kofinsa.

"Yaro, wagga taswira da wane ma'auni anka yi ta?"

"Ban sani ba, Baba. Haka aka ba ni."

"To sake linzamin. Ba gulbi ag goce ba."

Shi ya zaunar da ni. Tsoffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna aka auna su, wanda ya dogara da siffar duniya ta Clarke 1880. Na'urar GPS kuwa da wani ma'aunin daban, WGS84, take aiki. Wuri ɗaya, lamba biyu. Ga kuma layin digiri 6 na gabas da ya raba jiharmu: birnin Sakkwato na shiyya ta 31 a tsarin UTM mai raba taswirar duniya shiyya-shiyya, Sabon Birni na ta 32. Da na ci gaba da jan layin nan, da na tura gonakin fadamar mutane cikin ruwa a takarda, kuma ba wanda zai gane.

Abin da ya fi cin raina shi ne babu ko fayil ɗaya da ya zo da bayanin kansa: wa ya auna, yaushe, da wane ma'auni. Sati uku na yi ina buga waya kan abin da layi biyar za su faɗa. Ga rubutun sunaye ma: mu Gulbi, su Goulbi, mu Birnin Ƙonni, su Birni N'Konni. Mutumin Illela ya san gari ɗaya ne, can yake cin kasuwa. Kwamfuta ba ta sani ba.

Daga baya na karanta yadda wasu suka ɓullo wa lamarin. Amurka ta kafa tsarinta na ƙasa na bayanan taswira da umarnin shugaba Clinton a 1994. Tarayyar Turai ta yi dokar INSPIRE a 2007, ta wajabta wa ƙasashenta tsara bayanai iri 34, har da ruwa da hanyoyi da sunayen wurare, yadda za su haɗu a kan iyaka. Afirka na da shirin AFREF na ma'auni ɗaya, Najeriya kuma ta rubuta manufarta kan bayanan taswira tun 2003. Takarda dai ba mu rasa ba. A ganina abin da ya rage shi ne hali: a ofisoshi da yawa, wanda ke riƙe da fayil yana ganinsa kamar gonar gado.

Na juya rabinmu zuwa WGS84, gulbin ya haɗu, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kafin in miƙa aikin na rubuta shafi guda: ma'auni, shiyya, shekara, da inda kowane layi ya fito. Baba ya karanta shi har ƙasa, ya sa biro ya ƙara ranar da na yi juyin, ya miƙo min kofin in wanke.