Rajistar da ta ci mini buhu tara na fulawa

A watan Yunin 2023 aka damƙa mini riƙon wani gidan burodi a Kano, bayan na shekara shida a ofis inda kowa ke sa hannu ƙarfe takwas. Ban cika mako ba na sayo rajista na ajiye a bakin ƙofa: duk wanda ya wuce ƙarfe shida, a yanke masa naira 500. Har yau in na tuna littafin nan sai raina ya sosu.

Abin da ban sa a lissafi ba, ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Yaran gidan burodin da ke hawa adaidaita sahu daga Rijiyar Zaki da Hotoro sun koma takowa da ƙafa. Ni kuwa a mota nake zuwa, ina zan sani?

Akwai Baba mai tanda, wanda ya girmi injin kwaɓin gidan. Shi ke raba aiki: wa zai kwaɓa, wa zai yanka ya auna, wa zai shafa wa gwangwani mai. Ya same ni ya ce, "Manaja, ɗana, a bi yaran nan a hankali." Na ce, "Baba, doka doka ce." A gaban yaran na faɗa. A gabansu! Ya gyara hularsa ya koma bakin wuta, bai ƙara cewa uffan ba.

Washegarin biyan albashi, mutum huɗu ba su zo ba. An riga an kwaɓa, babu masu yanka. Ƙullu ya kumbura ya zubo daga kwano, ya yi tsami, buhu tara muka zubar. Masu ɗauka a babur suka gaji da jira suka tafi maƙwabta, biyu har yanzu ba su dawo ba.

Da magariba na je gidan Baba na tsuguna. Shi ya tsara komai: na nesa su kwana a ɗakin baya, a ba kowa kuɗin mota da shayin safe, zancen makara kuma a bar masa. Uku daga cikin yaran huɗu suka dawo.

In an kai ka sabon wuri, kafin ka kafa doka ka gano wanda yara ke kallon fuskarsa in ka yi magana, kuma kada ka kuskura ka musa masa a bainar jama'a. Rajistar tana nan, bashin masu shayi muke rubutawa a ciki.