Godiya ga duk waɗanda suka raya zaurenmu na ranar Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Cikin ikon Allah mun kammala zangon farko na wasan labari da muke yi a Badariya, nan Birnin Kebbi, kuma akwai mutanen da ya wajaba in gode musu a bainar jama'a.

Ga wanda bai san wasan ba, zama ake yi a kewaye tabarma ko tebur, mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya riƙe mutum guda a cikin labarin yana faɗin abin da zai aikata. In abin da ya nufa yana da haɗari, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo ta raba gardama. Kamar tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da bakin magana a cikinta. Daga Amurka irin wannan wasa ya bazu, tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. Mu kuwa mun ɗora namu a kan The Twilight Zone, shirin talabijin na labaran kimiyya da al'ajabi da Rod Serling ya ƙirƙiro, wanda tashar CBS ta nuna daga 1959 zuwa 1964, kashi 156.

A nan wahalar take. Kowane kashi na shirin labari ne mai zaman kansa, da sababbin mutane, da ƙarshe a rubuce wanda ke girgiza mai kallo. Shi kuma wasa yana son mutanen da za a dawo gare su mako bayan mako, kuma in mai jan labari ya riga ya yanke ƙarshe, to zaman banza 'yan wasa suke yi. Ƙanwata ce ta warware mana wannan ƙulli, shi ya sa da ita zan fara. Ta ce a ƙirƙiro unguwa guda a bakin fadama, kowane ɗan wasa ya riƙe gida ɗaya maimakon mutum ɗaya. Yau ka zama maigidan, wani makon ka zama 'yarsa, wata rana a koma zamanin kakansu. Labari sabo ne kullum, amma abin da gidanku ya aikata yana nan a rubuce, maƙwabta ba su manta ba. Ita ta zauna ta rubuta takardar kowane gida da hannunta. Ƙanwata, Allah Ya ba ki ilimi mai albarka.

Baba, na gode da ka ba mu zaure. Na san ba ka saki jiki ba da ka ga ƙwayar ludo a hannun samari, kuma kana da gaskiya. Ka ce mu je wurin Malam, muka je. Malam, Allah Ya ƙara maka lafiya, ba ka kore mu ba, ka zauna ka kalli zama guda tun daga farko har ƙarshe. Ka gindaya mana sharaɗi cewa ko sisin kwabo kada ya shiga tsakani, kuma da an kira salla a naɗe takardu. Mun riƙe wannan har ranar ƙarshe.

Ƙwaya mai fuska ashirin da ake amfani da ita a Dungeons & Dragons ba mu same ta a kasuwa ba. Abokina da ke karatu a Kalgo ya kawo mana tsarin wasan Apocalypse World na 2010, wanda ƙwayar ludo biyu suka ishe shi. In ka jefa su aka haɗa lambobin, goma zuwa sama ka yi nasara, bakwai zuwa tara ka samu amma da hasara, shida zuwa ƙasa matsala ta taso. Na gode, aboki.

'Yan wasa, ku ne kuka fi taɓa min zuciya. Akwai wani kashi na The Twilight Zone na 1960 inda wuta ta ɗauke a wani layi, motoci suka ƙi tashi, maƙwabta suka fara zargin juna da zama baƙi daga wata duniya har aka harbe mutum. A wurinmu ɗaukewar wuta ba ta firgita kowa, don haka na juya shi: unguwa duka duhu, gida ɗaya kawai ke da haske, babu janareta babu sola. Na shirya wa zargi da rigima, kuma da farko can aka nufa, har an fara cewa maigidan yana da wani asiri. Sai ƙaramin cikinmu, wanda ke riƙe da tsohuwar gidan gefe, ya ce za ta ɗauki sandarta ta je ta yi sallama ta tambaye su lafiya. Ya jefa ƙwaya, takwas ta fito. An buɗe mata ƙofa, amma daga ranar ita ma aka sa ta cikin waɗanda ake zargi, kuma jikokinta sun ɗauki wannan tabo har ƙarshen zangon. Ban rubuta ko kalma ɗaya daga cikin wannan ba. Ku kuka gina shi, kuma ya fi abin da na tanada nesa ba kusa ba.

Inna, kunun zaki da ƙosan da kike aiko mana ba tare da an roƙa ba, Allah Ya saka da Aljanna. Maƙwabta da kuka haƙura da hayaniyarmu, da mai shagon caji da ya riƙa ara mana fitila, da iyayen da suka yarda 'ya'yansu su zo, Allah Ya bar zumunci.

Zango na biyu zai fara bayan girbin shinkafa in Allah Ya kai mu, kuma labarin zai koma bakin kogin Matan Fada a Argungu. Akwai gidaje biyu da ba su da mai riƙewa. Wanda ke so ya zo zaure ranar Asabar bayan La'asar, in yaro ne ya zo da izinin iyayensa.