Tsatsa da Wuƙar Aljihu: Daga Bakin Mai Wasa Wuƙa a Katsina

Sana'ata wasa wuƙaƙe da gyaransu, ina kuma sayar da sababbi. Shagona ɗan ƙarami ne a cikin garin Katsina, ni da yara biyu masu koyon aiki. Almakashin teloli, askar wanzamai, wuƙaƙen mahauta da na masu tsire duk suna zuwa hannuna, amma wadda ta fi cin mani lokaci ita ce wuƙar aljihu, mai naɗewar nan da direbobi da makiyaya da dillalan dabbobi ba su rabuwa da ita. Wuƙar mahauci kullum tana aiki, kullum ana goge ta, tsatsa ba ta samun wurin zama. Ta aljihu kuwa, a yanka mangwaro da ita, a naɗe ta da danshinta, a jefa aljihun da ya sha gumi, sai kuma ranar da aka neme ta.

Sau biyu a shekara aikin tsatsa ke yi mana yawa. Na farko idan damina ta zauna, musamman watan Agusta da iska kanta ke ɗauke da laima. Na biyu kwanakin da ke gaban babbar sallah, lokacin da magidanta ke tuna inda suka jefa wuƙaƙen layyar bara.

Tsatsa ba ta da wani sirri. Ƙarfe ne ke haɗuwa da ruwa da iska, sai ya fara komawa jar ƙasa. Gishiri da tsami su ke hanzarta abin, shi ya sa gumi da jini da ruwan lemo suka fi ruwan rijiya ɓarna. Amma ba kowane ƙarfe ke kamuwa daidai da wani ba. Akwai baƙin ƙarfe, irin wanda maƙeranmu ke ƙera wuƙa da shi daga tsohon sifirin mota. Yana ɗaukar kaifi sosai, yana da sauƙin wasawa, sai dai dare ɗaya ya ishe shi ya yi ja idan aka bar shi a jiƙe. Tsofaffin wuƙaƙen Okapi masu ƙotar katako da zobe a baya, waɗanda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, yawancinsu irin wannan ƙarfen ne. Sai kuma wanda muke kira silba. Shi an gauraya shi da sinadarin kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke yi mashi wata fata siririya da ido ba ya gani, ita ke hana ruwa isa ga ƙarfen. Wani Bature mai suna Harry Brearley ya fito da shi a Sheffield ta Ingila a 1913. Mutane na ɗauka silba ba ta tsatsa sam. Tana yi. Bar ta da gishiri a jikinta ka ga ɗigo-ɗigo, balle irin masu arhar nan da ake jibgewa a faranti ana yawo da su a tasha.

Abu na farko da nake koya wa yaro kafin ya taɓa wuƙar mutane shi ne ya bambance ja da baƙi. Jar tsatsa mai garɗi, wadda ke kama yatsa idan ka shafa, ita ce cuta, domin tana riƙe danshi tana ci gaba da cin ƙarfe a ƙarƙashinta. Amma launin toka-toka ko baƙi-baƙin da baƙin ƙarfe ke yi idan ya daɗe yana yanka albasa da nama da lemo, wanda za ka shafa ka ji sumul, wannan ba cuta ba ne, yana ma ɗan tare jar. Kwanaki wani dattijo ya kawo mani Okapin da ya gada wajen mahaifinsa, ya ce in mayar da ita fara fes kamar sabuwa. Na ce, “Baba, in ka bi ta tawa, jar kawai zan cire maka, wannan baƙin a bar shi, shi ke tsaron wuƙar.” Ya juya ta ya sake juyawa, ya ce, “To, ɗana, kai ne mai sana'a.” Ba kowa ke yarda haka ba. Wasu sai sun ga ƙyalli suke jin an yi masu aiki, ni kuma in yi masu, tunda kuɗinsu ne da wuƙarsu.

Idan tsatsar sama-sama ce, ba na kai mata komai mai ƙarfi. In ɗiga man keken ɗinki, in bar shi ya ɗan jiƙa ta, sannan in goge da soson ƙarfe mai laushi, ko tsumma da aka dangwala a tokar murhu. Yawancin wuƙaƙen da ake kawowa da fuskar tashin hankali, nan aikinsu ke ƙarewa.

Wadda ta kama sosai ita ke buƙatar tsami. Ruwan khal ko lemun tsami, ko jiƙaƙƙiyar tsamiya in babu su. Ana tsoma ruwan wuƙar kaɗai a kofi, ƙotar tana waje, don katako ba ya son jiƙo kuma tsamin ba shi da aikin yi a cikin gaɓa. Kuma ba a tafiya a bar ta ta kwana. Tsami ba ya tantance tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, idan ya gama da wannan sai ya koma kan wancan, kaifin ma da ya fi ko'ina siranta shi ke fara tafiya. Nakan ciro ta in duba lokaci-lokaci, da na ga jar tana saki in an goga, shi ke nan. Daga nan a ɗauraye, a bi da ruwan kanwa don ya kashe ragowar tsamin, a sake ɗaurayewa, a tsane ta ƙarau, a shafa mai nan take. Wannan “nan take” ɗin nake yawan faɗa a kansa da yarana, domin ƙarfen da ya fito daga tsami tsirara yake, kafin ka gama gaisawa da mai shigowa ya fara yin ruwan ɗorawa.

Inda tsatsa ta riga ta yi rami, sai takardar guga. Ina farawa da mai lamba 400, in koma 800, in gama da 1000 wadda ta fi su laushi, da ɗan mai a kai, kuma hannu na bin hanya ɗaya, ba a yi ta zagaye. Ramin dai ba ya cikewa. Abin da ake yi shi ne a share cikinsa a hana shi zurfafa. Duk wanda ya ce maka zai ɓatar da ramin, to cinye ƙarfen da ke kewaye da shi zai yi har su zo daidai.

A nan ne nake da ƙorafi. Wuƙaƙen da nake mayar wa masu su in ce ba su gyaruwa, mafi yawansu ba tsatsa ta kashe su ba, gaggawar cire ta ce. Mutum ya kai wuƙarsa wurin mai injin gurza ƙarfe, a danna ta a dutse mai gudu, tartsatsi na tashi, minti ɗaya ta fito tana walƙiya. Duba bakin da kyau, za ka ga ya yi shuɗi-shuɗi. Wuta ta ci shi ke nan, taurin da maƙeri ya ba ƙarfen ya tafi, ko ka wasa ta da safe kafin azahar ta dakushe. Wasu kuma ruwan batir suke zuba mata. Wannan ko a hannun mai sana'a haɗari ne ga ido da fata, kuma wuƙar na fitowa duk ƙuraje.

Wurin da aka fi mantawa da shi a wuƙar aljihu shi ne gaɓar, inda ƙusa ta riƙe ruwan wuƙar, da kuma kwarin da take kwanciya ciki in an naɗe ta. Can zaren aljihu ke taruwa, can ƙurar hunturu ke shiga ta cakuɗa da tsohon mai, in damina ta zo ta sha laima ta zauna. Sai ka ga waje fes, amma buɗewa sai da haƙori. Tsinken sakace da tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir su ne kayan aikin, sannan ɗigo ɗaya na man keke, a buɗe a rufe har ta saki. Idan kuwa na ga tsatsa ta ci sifirin bayan da ke riƙe ta a buɗe, ba na karɓar kuɗin kowa. Irin wannan wuƙar rufewa take a kan yatsun mai ita yana tsakiyar yanka igiya.

Maganar mai kuma, man keken ɗinki na gaɓa ne. Ruwan wuƙar da za ta taɓa abinci, ɗan basilin marar ƙamshi ko man kaɗanya ya isa, a shafa siriri a goge. Man gyaɗa na yi in za a yi amfani da wuƙar gobe ko jibi, amma in ta daɗe a ajiye sai ya yi danƙo ya yi ɗoyi. Baƙin man inji da direbobi ke so, ina roƙonsu su bari, ba abin da za a yanka kankana da shi ba ne. WD-40, man feshin nan na gwangwani da aka fara haɗawa a Amurka a 1953, yana da kyau wajen korar ruwa da sakin gaɓar da ta ƙage, sai dai shi ma ba na bakin abinci ba ne, a wanke ruwan wuƙar bayansa.

Masu sa wuƙa a kube, ba ina ɓata sana'ar dukawa ba ne, kube na da kyau don yawo. Don ajiya ne ba shi da kyau. Fata na shan laima ta riƙe, kuma bagaruwar da aka jeme ta da ita tana taɓa ƙarfe in akwai danshi. Wuƙar da za ta yi watanni ba a taɓa ba, irin ta layya, a wanke jinin da sabulu tun ranar, a tsane, a shafa mai, a naɗe ta a takarda, a ajiye kuben daban. 'Yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi, aikinsu shan danshi ne, a jefa biyu ko uku cikin akwatin. Wanda kuma bai yi haka bara ba, ya taimaka ya kawo tasa saura mako biyu sallah. Ranar jajibere layi ne har bakin titi, kuma wasawa kaɗai muke iya yi.