Wi-Fi ɗin kwamfutar Kawu ya tashi, ashe Secure Boot ne ya riƙe shi

Jama'a, Wi-Fi ɗin kwamfutar da na ɗora wa Linux, wanda ya ƙi aiki kwanakin nan, ya tashi. Daren jiya bayan isha'i na ga sunayen netwok na maƙwabta sun jeru a kusurwar allo, sai da na miƙe tsaye don murna. Waɗanda suka ce min in haƙura in sayi ɗan Wi-Fi na USB in huta, na gode, amma ban saya ba, katin da ke cikin kwamfutar ne yake aiki yanzu.

Ga wanda bai bi maganar tun farko ba, kwamfutar ta kawuna ce. Malamin makaranta ne, a kanta yake buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Laftof ce 'yar gwanjo, Core i3 ƙarni na biyar, RAM 4GB. Tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana neman TPM 2.0 (wani guntun tsaro a cikin kwamfuta) da Intel ƙarni na takwas zuwa sama, ita kuwa ba ta kai nan ba. Kuɗin sabuwa babu. Shi ne na ce masa ya bari in gwada masa Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta kamar Windows, a gefen Windows ɗinsa, idan bai ji daɗi ba ya koma inda ya saba.

Zaɓen wanda za a ɗora bai ɗauke mu lokaci ba. Na zuba Linux Mint 22 iri biyu a filash mai Ventoy (manhajar tayar da kwamfuta daga filash), Cinnamon da Xfce, wato fuskokin allo biyu daban-daban, na bar shi ya latsa kowanne. Ni Xfce nake so saboda ƙarancin RAM, shi kuma ya ce Cinnamon ya fi kwanta masa, ya gane inda komai yake. Kwamfutarsa ce, na bi shi. Mint 22 a kan Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, aka gina shi, ana tallafa masa har 2029, wannan ya ishe ni hujja. Kuma don Allah, samarin da ke ɗora wa sabon shiga Kali Linux don sun ga ana yayinsa, ku ji tsoron Allah. Mutum yana son ya buga takarda ya firinta, kun miƙa masa kayan gwajin tsaron netwok.

Tun daga gwaji a kan filash na lura babu Wi-Fi ko ɗaya. Na buga lspci -nn, umarnin da ke lissafo katunan cikin kwamfuta, ya nuna katin Wi-Fi ɗin BCM43142 ne, lambarsa 14e4:4365. Kun san irinsu, direbansu, wato manhajar da ke sa katin aiki, rufaffe ne, ba ya zuwa a cikin kanel, wato zuciyar Linux, sai an ɗora shi daban. Ban damu ba, don na san Driver Manager na Mint yana kawo shi. Muka raba faifai, muka fara girkawa. A shafin da ake tambayar kodek na bidiyo da sauti, ya nemi in sa kalmar sirri ta Secure Boot, wato tsaron da ke tantance manhajojin da za su tashi lokacin kunna kwamfuta, na sa. Ana cikin kwafe fayiloli aka kira magariba, na wuce masallaci na bar Kawu da ya riga ya yi alwala yana cewa zai biyo ni. Ko da na dawo, girkawa ta ƙare, ya cire filash kamar yadda allon ya umarta, Mint ya buɗe tas. Na ce madalla.

Na haɗa wayata da kebul na ba kwamfutar intanet ta USB, na buɗe Driver Manager, ga direban katin, broadcom-sta-dkms, yana jira. Na zaɓa, ya sauka, ya girku ba tare da wani ƙorafi ba. Na sake kunnawa. Babu Wi-Fi.

Daga nan abin ya fara cin rai. rfkill list bai nuna wani katin da aka toshe ba, hasali ma bai ambaci Wi-Fi ɗin ba sam. dkms status kuma ya ce direban yana nan a girke, daidai da kanel ɗin da ke aiki. Komai yana cewa lafiya, abu kuma ba ya aiki. Na cire direban na mayar. Na yi zaton ko sabon kanel zai warware, na bar Update Manager ya sauke duk abin da yake so. Wannan shi ya ƙone ni, domin fayilolin Mint biyun nan da na sauke kowanne ya kusa 3GB, sabuntawar farko kuma ta lashe ragowar datar da na saya don ta kai ni ƙarshen wata. Sai da na sake sayen wata ta N3,500, ina saya ina jin zafinta. Ga batirin kwamfutar ya mutu tuntuni, da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, don haka wani dare sai da na tayar da janareta kawai don kada a yanke ta a tsakiyar sabunta kanel.

Abin da ya buɗe min ido shi ne lodin direban da hannu. Na buga sudo modprobe wl, sai ya amsa da layi ɗaya: "Key was rejected by service". Na bi da mokutil --sb-state, ya ce Secure Boot a kunne yake. To, a nan zancen yake. Idan Secure Boot yana kunne, kanel ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannun da aka amince da shi. Shi kuwa wannan direban, wata manhaja mai suna DKMS ce take harhaɗa shi a cikin kwamfutarka, ta sa masa hannu da wani mabuɗi da aka ƙirƙira a kwamfutar. Mabuɗin nan sai ka yi masa rajista da kanka, a wani shuɗin allo da ke fitowa sau ɗaya a kunnawar farko bayan girkawa, kafin Mint ya buɗe. Kalmar sirrin da na sa a shafin kodek, amfaninta ke nan. Allon yana jira na daƙiƙa 10 ne kacal ka danna wani maɓalli, idan ba ka danna ba ya wuce abinsa, kuma ba zai sake fitowa da kansa ba. Shi ya sa dkms status bai yi ƙarya ba, direban yana nan, shiga ce aka hana shi.

Na juya na ce, "Kawu, ranar nan da kuka cire filash, ba ku ga wani shuɗin allo ba?" Ya ce, "Na gani mana, ɗana. Wani shuɗin abu ya fito yana ƙirge da Turanci. Ai na san shuɗin allo lalacewa ce, shi ya sa na janye hannuna har ya wuce." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Duk wanda ya shekara da shekaru a kan Windows ya san idan allo ya yi shuɗi to an shiga uku.

Hanya biyu ce a gabana. Mai sauƙin ita ce in shiga BIOS, wato saitin injin da ake buɗewa lokacin kunnawa, in kashe Secure Boot gaba ɗaya, kuma na san da yawanku haka kuke yi. Ban bi ta ba, don ina so in iya ɗayar, ga kuma kwamfutocin wasu da ke layi. Wanda Windows ɗinsa ke da BitLocker, wato kullen da ke rufe bayanan faifai, taɓa Secure Boot na iya sa a nemi dogon mabuɗin ceto mai lamba 48, kuma yawancin masu kwamfutar gwanjo ba su taɓa ganinsa ba.

Don haka na buga sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der, don a sake neman rajistar mabuɗin, ya nemi sabuwar kalmar sirri sau biyu. Na sa lambobi takwas masu sauƙi, tunda sau ɗaya za a yi amfani da ita. Na sake kunnawa yatsana a kan maɓalli. Shuɗin allo ya fito, na danna, na sauka kan Enroll MOK, wato rajistar mabuɗin, sai Continue, sai Yes, sai kalmar sirri. Ku kula, a nan ba a ganin komai idan kana bugawa, ko tauraro ba ya fitowa, sai ka ɗauka kibod ɗin ya daina aiki. Ka buga da lambobin layin sama, ka danna Enter, ka zaɓi Reboot. Mint na buɗewa alamar Wi-Fi ta bayyana. Ban sake girka komai ba, direban da ya sha zagi a bakina duk kwanakin nan shi ne dai ya tashi.

Daga yanzu duk wanda zan taya ƙaura, lspci ne farkon abin da zan buga tun kafin mu yi gardamar Cinnamon ko Xfce, kuma ba na barin wurin sai na ga kunnawar farko da idona.

Sauran ƙananan abubuwa na bi su da sauri. Katin nan 2.4GHz kawai yake gani, don haka idan wayarka tana raba intanet a 5GHz ba za ta fito ba, sai ka sauya a saitin wayar. Kawu ya koma Windows ɗauko wani fayil ya tarar agogo ya ja baya da awa guda, saboda Linux yana ajiye agogon inji a UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. timedatectl set-local-rtc 1 ya daidaita su. Na ƙara masa tsarin kibod na Hausa da ke cikin saiti don ƙ da ɗ da ɓ, na kuma sauke ttf-mscorefonts-installer, mai kawo salon haruffan Microsoft, saboda ya ce takardar jarrabawa sai da Times New Roman. Tsofaffin fayilolinsa sun buɗe a LibreOffice, tebur ɗaya ne kawai ya karkace muka gyara.

Bluetooth ne har yanzu bai samu ba. Yana kunnuwa amma ba ya ganin kowace na'ura, kuma a kati ɗaya suke da Wi-Fi ɗin, ga alama wani fayil na daban yake nema. Na ajiye kwafin tsarin da manhajar Timeshift kafin in taɓa wani abu, don ban shirya rasa abin da na samu ba. Idan akwai mai BCM43142 a cikinku da Bluetooth ɗinsa ke aiki a kan Mint 22, ya faɗa min wane fayil ya sa da kuma inda ya ajiye shi.