Daren da na rubuta tarihin Baba

Ranar da Baba, yayan mahaifina, ya rasu, dattawan ikilisiya suka ce ni zan rubuta tarihinsa da za a karanta a wurin jana'iza. Na amsa da sauri, a ganina aikin awa ɗaya ne. Da na ɗauki biro sai na tarar abu uku kawai na sani: ya yi soja, ya jagoranci 'yan sikawut, kuma shi ke buga ƙararrawar majami'armu ta ECWA a Kagoro.

Mama, matarsa, ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ta ce, "Ɗana, duba nan." A ciki akwai littafin sallamarsa daga soja, lambobin yabo naɗe cikin tsumma, usur, ƙyallen wuya na sikawut, da Littafi Mai Tsarki tsohuwar fassarar 1932, wanda ya ɗinke bangonsa da zaren buhu. Takardun sun nuna ya je Kwango, inda sojojin Najeriya suka yi aiki ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960 zuwa 1964, sannan ya yi yaƙin basasa daga 1967 har aka ajiye makamai ranar 15 ga Janairu, 1970. Iyakar abin da takarda ta faɗa ke nan. Shi kuwa bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. Duk 15 ga Janairu dai yakan sa hularsa ya tafi faretin 'yan mazan jiya, ya dawo ya shiga ɗaki.

Sauran labarin a zaman makoki na same shi. Wani tsoho Musulmi ya zo daga Kafanchan yana dogara sanda, na durƙusa na gaishe shi na ce, "A ina kuka san juna da Baba?" Ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce a Kogin Kwara ne, cikin Oktoban 1967, lokacin da aka yi yunƙurin ƙetarewa daga Asaba zuwa Onitsha. Jirginsu ya kife, shi bai iya ruwa ba, Baba ne ya kama shi ta wuyan kaki ya ja shi gaɓa. Da yawa ba su fito ba.

Nan take na gane abin da ya sa kowane hutu Baba ke kora yaran sikawut rafi, ya ce sai kowa ya iya iyo da ƙullin igiya. Mu muna ɗauka tsananin soja ne kawai.

Shafi huɗu na rubuta, Fasto ya ce minti biyar gare ni. Na zubar da jerin muƙamai da barikoki, na bar labarin kogin, domin shi ne mutumin. Na kuma karanta wa Mama tukuna, ta gyara mini wurare biyu da na yi kuskure.

Abin da ke cin raina har yau, shekaru ina zama kusa da Baba a kan benci ɗaya, ban taɓa tambayarsa komai ba. Bayan an rufe shi, tsofaffin yaransa, wasu da furfura, suka yi layi suna miƙo mini hannun hagu, gaisuwar 'yan sikawut. Da mako ya zagayo na ɗauki wayata na tafi Kafanchan, na zauna gaban tsohon nan na kunna rikoda.