Idan Rauta Ta Ƙi Gaisawa Da Maƙwabciyarta

Yawancin masu shirin jarabawar Cisco a nan Kano, da zarar rauta biyu, wato na'urorin da ke tura bayanai tsakanin netwok da netwok, sun ƙi ƙulla maƙwabtaka, sai su share saitin gaba ɗaya su sake rubutawa. Wani lokaci a dace, amma ba a koyi komai ba. Rauta kuwa tana faɗin daidai inda ta tsaya, karantawa ce kawai ake gaggawar tsallakewa.

A jarabawar CCNA 200-301, OSPF mai yanki ɗaya ake tambaya, wato tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi da shi a cikin netwok na hukuma ɗaya. Fara da umarnin show ip ospf neighbor, mai jero maƙwabta da matakin da kowacce take. Idan babu komai a jerin, saƙon gaisuwar da ake kira hello ne ba ya karɓuwa. Buɗe show ip ospf interface a ɓangarorin biyu ka kwatanta layi da layi: lokacin hello daƙiƙa 10, na dead (jiran da ake yi kafin a ɗauka maƙwabciya ta mutu) daƙiƙa 40, lambar yanki, da subnet mask. Ɗaya ya saɓa, magana ta ƙare. Ka kuma duba ko an sa passive-interface a ƙofar da ke fuskantar maƙwabciyar, domin wannan umarnin yana hana hello fita kwata-kwata.

Idan rautarka ta tsaya a matakin Init, ita tana jin waccan amma waccan ba ta jin ta. Nemi ACL, wato jerin dokokin tace fakiti, da ke tare 224.0.0.5, adireshin da ake aika hello. Shi kuwa 2-Way tsakanin rautocin da ba DR ba (zaɓaɓɓiyar shugabar layin) kuma ba BDR ba (mataimakiyarta), lafiya ce lau, kada ka ɓata lokaci a kai.

Wanda ya fi wahalar da ɗalibai shi ne ExStart. Komai ya yi daidai a ido, gaisuwa ta wuce, amma musayar bayanai ta ƙi farawa. Kusan kullum MTU ne, wato girman fakiti mafi girma da ƙofa ke ɗauka: nan 1500, can 1400. Akwai umarnin ip ospf mtu-ignore, sai dai a ganina rufa-rufa ce, domin saɓanin yana nan yana jiran manyan fakiti. Daidaita MTU ɗin. Haka nan idan router-id, wato lambar shaidar rauta, ya zo ɗaya a rauta biyu, canza shi kaɗai bai isa ba, sai ka bi da clear ip ospf process.

BGP, tsarin musayar hanyoyi tsakanin netwok na hukumomi daban-daban, sai a matakin CCNP da ke gaba da CCNA, kuma halinsa daban ne: ba ya neman maƙwabci da kansa, kai za ka nuna masa, kuma a kan TCP 179 yake tafiya. A show ip bgp summary, kalmar Active tana yaudarar mutane. Ba aiki take nufi ba, ƙoƙarin haɗuwa ake ta yi ana kasawa. Established kaɗai ne zaman lafiya, kuma a wannan jadawalin adadin hanyoyin da aka karɓa za ka gani a gurbinsa.

Idan da adireshin loopback (ƙofar da ke cikin manhaja kawai, ba ta waya ba) kake haɗawa, abu uku ne ba makawa: hanyar zuwa loopback ɗin can, update-source, sannan ebgp-multihop 2 idan AS ɗin (netwok na hukuma ɗaya) daban ne, tunda a eBGP, wato BGP tsakanin AS daban-daban, TTL (adadin tsallen da fakiti zai iya yi) 1 ne. Kuskuren lambar remote-as shi ma rauta tana rubuta shi ƙarara a show logging. An haɗu amma hanya ba ta zo ba? Umarnin network dole ya dace da abin da ke teburin hanyoyi har da mask ɗinsa, a iBGP kuma, wato BGP a cikin AS ɗaya, duba next-hop-self.

Wajen atisaye, a cikin manhajojin kwaikwayon netwok, Packet Tracer ya wadatar da OSPF, amma BGP na gaske sai GNS3 ko EVE-NG, waɗanda ke cin RAM sosai. Ka tuna da haka kafin ka sayi kwamfuta a Beirut Road. Ku haɗu biyu, abokinka ya ɓata abu ɗaya a ɓoye, kai ka gano shi da umarnin show kawai ba tare da buɗe saitin ba. Kuma da zafin Kano da ɗaukewar wuta, duk gyaran da ya yi aiki ka buga write memory nan take don adana shi.